Kashi na Ƙarshe na Jirgin Iri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya ƙawata ta da taurari, ya sanya wa kowanne hanyar da ba ya ƙetarewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Ya kai mai karatu, sallama gare ka. Ni tsoho ne da ya shafe shekara arba'in yana karantar da nahawu da fiƙihu a ɗakin karatu na gidansa. Waɗannan wasiƙu ne da suka gudana tsakanina da autana, tare da guda ɗaya daga yayarsa, a watannin da idanuna suka fara yi mini bankwana. Na tattara su da izinin su biyun, ban gyara komai ba, har da wuraren da ba su yi mini daɗi ba.

Daga uba zuwa ga ɗa

Zuwa ga ɗana Auta, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, kuma Allah yana kiyaye ka a aikinka na gyaran lif, tsakanin igiyoyin ƙarfe da ramukan benaye. Na zaɓi takarda a kan waya, domin a waya ba ma wuce tambayar lafiya, sai mu yi shiru, sai ka ce aiki yana kiranka.

Wata mas'ala na kawo maka, kada ka yi dariya. Ka tuna shirin nan na talabijin na masu tafiya cikin taurari, Bayan Zara, mai silsila uku? To, na kalle shi. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ita ta sayo faya-fayan da na'urarsu. Bayan la'asar takan sauke labule, ta zauna a kujerar ɗinkinta, ni kuma in zauna a ƙasa da littafin rubutu, saboda ban iya bin abu ba tare da na yi masa hashiya, wato sharhin gefen littafi, ba. Ga hukuncina.

Silsila ta farko, Jirgin Iri, wadda mutane ke ɗauke da irin shuka zuwa wata duniya a tafiyar shekara ɗari uku, tana da kyakkyawar niyya da raunin aiki. Idan aka rufe ƙofa bangon jirgin yana girgiza. Dutse guda suke da shi, a kowace duniya suka sauka sai na gane shi. Matuƙin jirgin ba ya kuskure, kuma ɗan Adam da ba ya kuskure ba a yi shi ba.

Ta biyu, Masu Kai Saƙo, ita ce zaɓina. Mutum uku ne a ƙaramin jirgi, suna kai wasiƙu tsakanin taurari, wasiƙa ba ta isa sai bayan shekara arba'in. Wani lokaci jikan wanda aka rubuta wa ne yake buɗewa. Aibinta shi ne yawan surutu, akwai kashi guda da ba a yi komai ba sai gyaran butar shayi. Amma na sha tashi daga gabanta ina jin kamar ɗakin yana shawagi, agogon bango yana nesa da ni da tafiyar wata guda. Na yi kwana uku ina lissafin yadda mutanen nan za su gane azahar a inda rana ba ta da zawali.

Ta uku, Yaƙin Rana Biyu, kyan ido ce da ƙara. Ban ga an zauna an ci abinci tare ko sau ɗaya ba.

Abu ɗaya ya rage wa hashiyata. Ban ga kashi na ƙarshe na Jirgin Iri ba. Ka rubuto mini yadda ya ƙare: sun isa, ko ba su isa ba?

Ka gaishe da mai ɗakinka da yaran. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.

Daga ɗa zuwa ga uba

Baba, wa alaikumus salam.

Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Kowa lafiya a nan, suna gaishe ka.

Na karanta wasiƙarka sau uku a ɗakin inji, a saman bene mai hawa goma sha huɗu. Abokin aikina har ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, babana ne ya kalli talabijin.

Ban yi dariya ba, Baba. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ina da shekara goma sha biyu, ranar Alhamis ce, saura mako guda a nuna kashi na ƙarshe na Jirgin Iri. Na makara darasin yamma da minti goma. Ka shigo falo, ka zare waya daga bango, ka ɗauki talabijin ɗin da kanka, da nauyinsa da komai, ka kai wa maƙwabci kyauta. Ka ce wanda ya fifita ƙarya a kan karatu ba ɗalibinka ba ne. Yau shekara ashirin da tara ke nan. Yanzu kuma kai ne mai hashiya a kan ƙaryar.

Tunda hukunci kake nema, ga nawa. Ka zalunci Jirgin Iri. Ni ma na ga bangon yana girgiza, har zaren da aka rataye jirgin da shi na gani. Amma yaro bai damu da zare ba. Abin da na gani shi ne tsohuwar nan mai kula da lambun jirgi, tana shafa ganyen bishiyar da ta san ba za ta kai ranar dasa ta a ƙasa ba. Bayan kowane kashi nakan kwanta a tabarmar falo in kalli silin, in ga ya buɗe. Babu silsilar da ta sake yi mini haka.

Masu Kai Saƙo ta tsofaffi ce, shi ya sa ta yi maka. Kashi ashirin na tsakiyarta ana iya barci a farka ba a rasa komai ba. Kuma injin jirginsu ba shi da ma'ana: babu mai tafiyar shekara arba'in da fanka ɗaya, babu ta sauyi.

Yaƙin Rana Biyu kuwa, na yarda ana kashe mutane kamar ba su da uwaye. Sai dai ita kaɗai ce ta san darajar mai gyara. Matar nan mai kula da injin, yadda take kasa kunne ta gane inda ƙarfe ke ciwo tun kafin ta buɗe, haka muke yi. Ka ce ba a ci abinci tare ba. An ci, a kashi na tara, a tsaye, a ƙarƙashin injin. Mu ma haka muke ci.

Maganar yadda Jirgin Iri ya ƙare, faifan yana gidanka. Ka saka ka gani.

Na bar ka lafiya.

Auta.

Daga uba zuwa ga ɗa

Zuwa ga ɗana Auta, aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a hankali, kusa da taga. Na koma kashi na tara na Yaƙin Rana Biyu, na same shi yadda ka faɗa. Na soke abin da na rubuta, na sa a gefe: Auta ya gyara mini. Maganar fanka kuma ba fannina ba ce, na sallama maka. Amma ban janye daga Masu Kai Saƙo ba. Jinkirin da kake kira aibi shi ne darasinta. Mutum ya faɗi magana yau, ta yi ta tafiya cikin duhu, ba ta sauka a zuciyar wanda aka nufa sai bayan gashi ya yi fari. Na fara gane haka da wasiƙarka.

Ka ce in saka faifan in gani. Ba zan iya ba, kuma ga dalili. Ka san ƙa'idar ɗakin karatuna, wadda na karɓa daga malamaina: littafin da aka fara da mutum, da shi ake sauke shi. Ba a tsallake shi a kai ƙarshe don ya yi jinkiri.

Shekarar da ka bar gida, mahaifiyarka ta ajiye faya-fayan Jirgin Iri a kan littattafaina, ta ce, "Malam, ka yanke hukunci ba ka saurari shaida ba. Ko a fiƙihunka haka ake yi?" Na yi wata biyu ban taɓa su ba. Da muka fara, muka yi ta bi har kashi na arba'in da ɗaya. Da ta miƙa hannu ga na ƙarshe, sai na ce ta dakata. A nan na tsayar da kai, a nan zan tsaya.

Ita ta kalla ita kaɗai, wata rana ina masallaci. Na dawo na tarar tana goge ido tana murmushi. Na ce, "Sun isa?" Ta ce, "Ka tambayi ɗanka." Shekara goma sha ɗaya ina tambayarta, da wasa da gaske, amsar ba ta canja ba. Ko a asibiti, kwana biyu kafin ta cika, na sunkuya na tambaye ta don in sa ta dariya. Ta yi dariyar, ta ce, "Ka tambayi ɗanka."

Kwanakin nan nakan gan ta idan na ɗan kishingiɗa bayan azahar. Tana tsaye a lambun jirgin da mayafinta mai ruwan toka, tana ba bishiyoyi ruwa da butar alwalarta, taurari suna wucewa a bayan gilashi kamar ana yayyafi. Ina yi mata tambayar, tana nuna mini ƙofa. Na san mafarki ne, ba na gina hukunci a kansa.

To, ga shi na tambayi ɗana. Layi biyu ya ishe ni.

Allah ya shirya maka zuriya.

Mahaifinka.

Daga yaya zuwa ga ƙane

Auta, salamu alaikum.

Ya gida, ya yara, ya sarautar hawa sama da sauka ƙasa? Ni ce yayarka, idan ba ka manta kana da ita ba.

Ba ni da lokacin dogon rubutu, haihuwa uku na karɓa yau, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Jiya na je share ɗakin Baba na ga wasiƙarka a ƙarƙashin matashinsa, tare da amsar da yake shirin aika maka. E, na karanta, ka kai ƙara. Wato ku biyu, ɗaya da furfura ɗaya da sanƙo, kun zauna kuna musu a kan fankar jirgin da babu shi.

Ga abin da bai gaya maka ba, kuma ya hana ni faɗa. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi tun bara. Na dama, likita ya ce kamar mai leƙe ta ramin makulli yake gani, kuma ramin yana tsukewa. Wata biyu ya rage masa, wataƙila uku. Wasiƙar da ka karanta a minti biyar, kwana huɗu ya yi yana rubuta ta da gilashin ƙara girma. Ba ka lura layukan suna gangarowa ba?

Ranar Talata na same shi a falo, ya sauke labule, ya riƙe faifan nan na ƙarshe yana juya shi a haske. Ya ce mini, "Ungozoma, kin ga yadda yake fitar da launuka kamar bakan gizo?" Na ce in saka masa. Ya ce ba nawa ba ne. Na ce, "Baba, kai ma ka ce masa ya zo mana." Ya ce wai ba ya son ya raba ka da aikinka. Taurin kai dai ka san inda ka gado shi.

Ni ban taɓa gane abin da kuke gani a mutanen nan masu rigar roba ba. Amma idan layi biyu yake nema, ka ba shi. Idan kuma kana da abin da ya fi layi biyu, kai ka sani.

Ka gaishe min da matarka, ita ce mai haƙuri.

Yayarka.

Daga ɗa zuwa ga uba

Baba, assalamu alaikum.

Ina gaisuwa da girmamawa. Yaya ta rubuto mini. Kada ka yi mata faɗa.

Ba rowa ce ta hana ni ba ka layi biyun ba. Ba ni da su. Ban taɓa ganin kashi na ƙarshe ba.

Ranar da aka nuna shi, maƙwabcin da ka ba talabijin ya aiko a kira ni. Na ƙi zuwa, don kada ka ji labari. Washegari yara suna ta maganarsa a makaranta, na toshe kunnena da yatsu. Da na girma na sayi faifan har sau biyu. Yanzu ma yana cikin wayata, taɓawa ɗaya ce. Na kalli sauran silsilolin duka, wasu sau uku, amma duk lokacin da na zo kashi na arba'in da biyu sai in kashe. Matata tana tsammanin tsoron mutuwar tsohuwar mai lambu nake yi. Ni kaina ban san abin da nake jira ba sai da na karanta wasiƙarka.

Kuma ba talabijin ɗin ne ya fi yi mini ciwo ba. Washegarin ranar da ka ɗauke shi, bayan asuba, na zauna a bakin gadona da littafin nahawuna a cinya, ina jira ka ƙwanƙwasa ƙofa kamar kullum. Na ji takunka ya zo, ya wuce. Haka na yi ta zama har kwana arba'in, daga nan na daina.

Wani lokaci idan lif ya tsaya tsakanin hawa biyu, ina zaune a kan rufinsa da fitila a goshi, nakan ɗaga kai in ga ɗan haske can sama kamar tauraro. Sai in ji har yanzu jirgin yana tafiya, ba wanda ya isa ko'ina.

Inna ba ta san ban gani ba. Ko kuwa ta sani?

Ɗanka, Auta.

Daga uba zuwa ga ɗa

Zuwa ga ɗana, sanyin idona, assalamu alaikum.

Ka gafarci girman haruffan.

Ta sani. Yanzu na tabbata ta sani. Ba labari ta aike ni in karɓo ba.

Takun da ka ji, ba wucewa ya yi ba tun farko. Nakan tsaya a ƙofarka, hannuna a ɗage, sai in ce ɗalibi ne yake zuwa wurin malami. Sai in tafi ɗakin karatu in bar ƙofa a buɗe, in shimfiɗa buzunka, in jira. Kana jira, ina jira, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na riƙe ƙa'idar malami, na saki haƙƙin ɗa. Na yi fushi a kan minti goma, na ɓatar mana da shekara ashirin da tara. Na roƙi Allah gafara tuntuni, amma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Ka yafe mini, Auta.

Littafin nahawunka yana nan. Mahaifiyarka ta kawo mini shi bayan tafiyarka. Alamar da ka sa tana babin da muka tsaya, 'yar takarda ce da ka zana jirgi da bishiya a cikinsa. Ba na iya ganin zanen yanzu, amma yatsana ya san inda alƙalaminka ya danna.

Na ce layi biyu ya ishe ni. Ba gaskiya na faɗa ba. Ka zo.

Mahaifinka.

Daga ɗa zuwa ga uba

Baba, wa alaikumus salam.

Na yafe, ni ma ka yafe mini. Na ɗauki hutu. Ina tafe ranar Alhamis, in sha Allah, kafin la'asar. A ce wa Yaya kada ta taɓa na'urar, ni zan duba ta. Ka zauna kusa da allon, abin da idonka bai kama ba zan faɗa maka.

A fito da littafin ma. Bayan asuba, ka ƙwanƙwasa.

Auta.

Ya kai mai karatu, a nan wasiƙun suka tsaya, domin waɗanda ke ɗaki ɗaya ba sa bukatar takarda. Ya zo. Ya buɗe na'urar ya hure ƙurarta, ya sauke labule, ya zauna a tabarma kafaɗarsa tana taɓa tawa. Abin da na gani da idona kaɗan ne: wani kore mai motsi, da haske mai faɗi da ya cika ɗan ramin da ya rage mini. Sauran da muryar ɗana na gan shi.

Idan kana son sanin ko sun isa, ba zan gaya maka ba. Na rufe hashiyata da layi ɗaya, ɗana ne ya rubuta mini shi: mafificiyar silsila ita ce wadda aka sauke tare. Washegari bayan asuba na bi bango da hannu har ƙofarsa, na ƙwanƙwasa.

Allah ya jiƙan wadda ta ƙi ba ni amsa, ya haskaka kabarinta. Kai kuma da ka bi mu har nan, Allah ya kiyaye maka ganinka da basirarka, ya sanya albarka a gidanka, ya ba ka ikon ƙwanƙwasa ƙofar da kake tsaye a gabanta tun da sauran haske. Amin.